Gorar Bayan Randa

Duk wanda ya san Yelwa mai kunun aya a cikin garin Daura ya san ta da abu biyu, tsafta da faɗa, kuma tsaftar ce ke jawo faɗan. Ka kuskura ka taɓa mata ludayi da hannun da ka gama gaisawa da jama'a, ranar sai ka gwammace ba ka fito daga gidanku ba. Ayarta sai ta tsince ta tsaf, ta wanke, ta sake wankewa, sannan ta jiƙa. Ƙyallen tata kuwa kullum sai ya sha tafasasshen ruwa kafin ya hau igiya. Mai injin markaɗe na unguwar in ya hango ta tafe da bokiti sai ya fara salati, don ya san sai ya ɗauraye injin nan a kan idonta, ko da layi ya kai bakin titi.

Doka ɗaya gare ta wadda ba ta da sassauci: kunun aya ba ya kwana. Ba dafa shi ake yi ba, ɗanye ne, daga markaɗe sai tata. Da ta tace sai a ɗura a goruna, a jera cikin kula, a danna ƙanƙara a kai. Duk abin da ya kai la'asar bai ƙare ba, kwata ce za ta sha. Maƙwabta su ce, "Haba Yelwa, wannan ai asara ce." Ita kuma ta ce, "Asarata ce, ba taku ba." Lokacin da ma'aikatan lafiya suka zagayo unguwa suna yi wa masu kunu da zoɓo bayanin ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani, a sahun gaba ta zauna, ta dawo gida ta ƙara tsanani. Autarta Murjanatu, wadda ke taya ta sayarwa a zaure, ita ta fi kowa shan wuyar wannan wa'azi.

To amma ita kanta mai dokar, akwai gora ɗaya da ba ta taɓa sawa cikin kular nan ba.

Abdulbaƙi shi ne ɗanta na fari. Ni ne nake faɗin sunan, ita ba ta taɓa faɗa ba. Tun ranar da aka raɗa masa shi bai fita daga bakinta ba, don kuwa haka ta ga uwarta ta yi, haka kuma ake yabon mace a danginsu, a ce wance tana da kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye sai dai ta bi ta kan wani. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa Zango. Can ya girma, can ya yi aure, can ya zama mai fataucin dabbobi. Kakar yake kira Inna har ta rasu. Yelwa kuwa Yaya yake ce mata, kamar wata babbar 'yar gidan. Ita kuma in maganarsa ta kama dole, sai ta ce "mutumin Zango".

Kada ka ɗauka babu so. Wallahi akwai shi, har ya yi mata yawa, wurin ajiye shi ne babu. Shi ya sa ta ɗura shi a gora.

Duk ranar kasuwar Mai'adua, in ya taso sai ya biyo ta Daura kafin ya wuce gida. Ya kafe babur a ƙofar gida, ya yi sallama, ya tsugunna a bakin rumfa.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya mutan gidan?" Haka za ta amsa, fuskarta na kan aikinta, kamar da bango take.

Sai a ɗan jima, ta ɗaga murya. "Ke Murjanatu, duba bayan randa, kamar akwai wani saura da na manta. In akwai mai sha a ba shi."

Saura! Wane irin saura? Tatar farko ce, mai kauri, wadda ba a sirka da ruwa ba, dabinonta ya fi na kowa, kwakwarta ta fi ta kowa. Tun da sassafe take cika gorar kafin Murjanatu ta fito, ta lallaɓa ta binne gindinta a jiƙaƙƙen yashin da ke bayan randa. Me ya hana ta sa a kula? Ai kula hannu goma ke shiga cikinta a wuni. Wani ya ɗago gora daban, mai nauyi, ya ce wannan ta wa ce, me za ta ce? Uwa uba ga Gwaggo Laraba, ƙanwar marigayi mijinta, abokiyar wasanta, wadda in ta samu irin wannan labari sai ta yi waƙa da shi a gidan biki. Yashin bayan randa ba ya tambaya. Kuma daga safe zuwa azahar sanyinsa na isa, tunda mutumin Zango bai cika wuce azahar ba.

Shi kuma ya karɓa, ya shanye tas, ya kife gorar, ya ce, "Yaya, Allah ya saka da alheri." Ta ce, "Uhm." Shi ke nan hirarsu, shekara da shekaru.

Abin ya faru ne a tsakiyar bazara, irin zafin nan da ko ƙadangare ba ya son hawa bango. Ranar kasuwa ta zo, azahar ta yi, babu ƙarar babur. Yelwa ba ta da bakin tambaya, sai dai ta yi ta kai da kawo kusa da zaure kamar tana neman wani abu. Can ta tsinci muryar Murjanatu tana waya.

"To Yaya, sai goben. Allah ya kiyaye hanya."

Yarinyar ta shigo ta ce yayanta ne, shanun da yake jira ne suka makara a Kongolam, bakin iyaka, can zai kwana. Yelwa ta ce, "Wa ya tambaye ki?"

Da la'asar ta tuttule ragowar gorunan kula a kwata kamar kullum. Ta zo bayan randa, ta miƙa hannu, sai ta tsaya. In ya sake shawara ya biyo da magariba fa? Ya zo da ƙishirwa, a ce babu? Ta janye hannun. Da magariba ta wuce bai zo ba, ta ce a ranta da safe sai ta zubar, ta cika masa sabuwa.

Da safe inji ya ƙi tashi. Mai injin ya kwance shi ɗai-ɗai yana zufa, dole Murjanatu ta ɗauki bokitin aya ta nufi wata unguwa. Ko ƙofa ba ta gama fita ba sai ga sallamar Gwaggo Laraba, ita da ƙawayenta biyu, za su barka sun biyo su huta. Kuma duk faɗin gidan nan ba su ga wurin shimfiɗa tabarma ba sai gindin randa, wai nan ne da sanyi. Laraba ta jingina bayanta da randar kanta. Yelwa ta yi ta satar kallon wurin. Ta yaya za ta zura hannu ta bayan Laraba ta zaro ɓoyayyiyar gora? Ta ce a ranta bari ta jira su tashi.

Ba su tashi ba. Da hantsi sai ga ƙarar babur.

Ya shigo fuska duk ta yi baƙi da rana, leɓe a bushe, ya tsugunna ya gaida kowa. Laraba ta tafa hannu.

"Ga ɗan da ba a so ya iso! Ku dube ta, ko ɗago kai ba ta yi ba. Kai Abdulbaƙi, ka tabbata nan ne gidanku kuwa?"

Ya yi dariya. Yelwa ta ci gaba da kankare kwakwa. Yau ba ta ce a duba bayan randa ba, ta yi shiru, tana fatan shirun ya ishe shi bayani. Shi kuwa ya ga Murjanatu ba ta nan, ya ɗauka rashin ɗan aike ne ya ɗaure wa Yaya baki. Ya ɗan jira, sannan ya ce, "Gwaggo, ɗan gyara," ya zura hannu inda ya daɗe da sani, ya zaro gorar.

Yelwa ta tsaya da kankarar kwakwa. Kar ka sha. Maganar ke nan, ba ta da tsawo, har ta zo mata maƙogwaro. Amma in ta faɗa, da wa take? Da shi, kai tsaye, a gaban Laraba da baƙi. Kuma ta amsa ke nan cewa ta san da gorar, ita ta ɓoye ta, tun jiya take jiransa. Ta ce a ranta ai zai ji wari ya ajiye, ba yaro ba ne.

Da ya murɗe murfin sai da gorar ta yi huci. Ya kai baki, ya kurɓa, ya tsaya. Ta gefen ido ta ga tsayawar, ta kuma ga ya juyo ya dube ta. Ba ta ɗago ba. Sai ya ɗaga gorar ya shanye tas, ya kife ta kamar kullum.

"Yaya, Allah ya saka da alheri."

"Au!" in ji Laraba. "Ashe ɓoyo ake yi masa a bayan randa! Yau na kama ki, Yelwa."

Mata suka kwashe da dariya. Yelwa ta ce, "Saura ne," ta koma kan kwakwarta. Da ya tafi ta yi ta lallashin zuciyarta: namiji ne ƙaƙƙarfa, mai kokawa da bijimai, ɗan tsami ba zai yi masa komai ba.

Washegari matarsa Adawiyya ta kira Murjanatu. Baban Rahama, haka take kiransa da sunan 'yarsu, tun yammacin jiya yake amai da gudawa. Duk da haka da safe ya lallaɓa ya fita lodin shanu cikin ranar nan, ya sayi ƙwaya a kemis ya haɗiya, yanzu an dawo da shi gida a riƙe. Murjanatu ta maimaita wa uwarta. Yelwa na tsaye da ƙyallen tata a hannu.

"Allah ya sawwaƙe," ta ce. "Ki ce su yi ta ba shi ruwan gishiri da sukari."

Ta shiga ɗaki ta ɗauki mayafi. Ta yafa, ta zo bakin ƙofa, ta koma ta cire. Zango ba nisa, mota na tashi kowane lokaci. Amma a ji a dangi cewa Yelwa ta ruga Zango hankali tashe a kan gudawar ɗan fari? Matar da ake kafa misali da ita? Ta sake ɗaukar mayafin, ta sake ajiyewa. Ƙarshe Murjanatu ta tura. Ita kuma ta wuni tana zagaye tsakar gida, ayar da ta jiƙa ta kumbura a bokiti ba wanda ya kai ta markaɗe. Ranar masu saye suka yi ta sallama tana cewa babu.

Kashegari da safe wayar maƙwabciya aka kawo mata. Murjanatu ce, tana kuka. An kawo shi asibiti nan Daura, idanunsa sun faɗa, tun jiya bai yi fitsari ba.

Wannan karon ba ta yi shawara da mayafi ba. Sai a bakin asibiti ta lura takalmin ƙafarta ɗaya nata ne, ɗaya na Murjanatu.

Ɗakin cike yake da dangi. Ga Laraba, ga Adawiyya, ga ƙannen ubansa. Yelwa ta tsaya a bakin ƙofa, inda uwar ɗan fari ta saba tsayawa. Ta hango shi kwance, an sa masa ƙarin ruwa. Innalillahi! Kamar an tsotse shi. Mutumin da ya cika ƙofar zaure shekaranjiya, yau hannunsa kamar kara.

Wata ma'aikaciyar jinya na tsaye a kansa tana tambaya a hankali. "Malam, ka daure ka tuna. Kafin abin ya fara, me ka ci, me ka sha?"

Ya buɗe ido. Ya zagaya da su cikin ɗakin har suka kai bakin ƙofa, suka tsaya kaɗan, suka dawo.

"Ruwan hanya ne," ya ce da ƙyar. "Wani tafki na samu a daji, ƙishirwa ta dame ni."

Yelwa ta ji kamar an soka mata wuƙar kwakwar nan a ƙirji. Yana kwance a wannan hali, sunanta yake karewa, da sana'arta. Ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba.

"Ba ruwan hanya ba ne."

Kowa ya juyo. Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, ke wace ce tasa?"

Laraba ta yi saurin cewa, "'Yar uwa ce," don ta rufa mata, kamar yadda aka saba.

"Ni na haife shi," in ji Yelwa. "Kunun aya ya sha. Nawa. Wanda ya kwana, ba ƙanƙara, a cikin zafin nan. Na sani, ina zaune ya sha, ban hana shi ba."

Adawiyya ta ɗago kai, idanu jajur, da mamaki a fuskarta. "Kunun aya kuma, Inna? Ai Baban Rahama ba ya shan kunun aya. Ko na yi a gida ba ya taɓawa, wai kumbura masa ciki yake yi."

Laraba ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta.

Ma'aikaciyar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi, da Yelwa ta fi jin sauƙi. Cewa ta yi gara da aka faɗa. Abin da ba a dafa ba, in ji ta, komai tsaftar mai yi ba a rasa 'yan ƙwayoyin cuta a ciki, daga ruwa, ko inji, ko ita ayar kanta. Sanyi ne ke danne su. In suka samu zaƙi da zafi da lokaci, sai su hayayyafa fiye da lissafi. Yelwa ta gyaɗa kai. Ta san wannan, a sahun gaba ta zauna ranar da aka faɗa. Sannan matar ta rage murya ta ce ruwan jikinsa ya ƙare da yawa kafin a kawo shi, likita ya ce ƙodarsa ta tsaya, sai an kai shi Katsina inda ake wankin ƙoda. Maza suka fita neman mota.

Yelwa ta tako ta zauna a bakin gadon. Mata suka ja baya, wasu suka fice, don abin da suke gani ya fi ƙarfin idonsu. Ta dube shi sosai. Ashe yana da tabo a gefen gira. Ba ta san yaushe ya samu ba, ba ta san me ya ji masa ba.

"Ka ji ya yi tsami," ta ce. Muryarta ta fito wani iri, don ba ta saba bi ta wannan hanya ba.

"Na ji, Yaya."

"To don me ka sha?"

Ya yi ƙoƙarin murmushi, leɓensa ya tsage. "In na ajiye, Gwaggo za ta ce kununki ya lalace. A gaban baƙi."

"Sai ta faɗa! Sai me?"

Ya tattara numfashi. "Kuma ke kika ajiye min. Tun ina saurayi na gane ba saura ba ne. Saura ba ya kauri haka."

"Ba ka ma son shi."

"Ina son zuwa in tarar da shi."

Nan hawayen ya ɓalle mata. Ta so ta kira shi, sunan ya taso har kan harshe, sai ga ƙanin ubansa ya leƙo yana cewa mota ta samu. Ta haɗiye. Ta ce a ranta sai an rage mutane.

Motar ƙarama ce. Aka kwantar da shi a kujerar baya, Adawiyya ta shiga ta riƙe ledar ƙarin ruwa, ƙanin uban ya zauna gaba. Laraba ta kama hannun Yelwa. "Zo mu koma gida, Yaya Yelwa, za su riƙa kiranmu." Haka ake yi, uwa ba ta cusa kai. Yelwa ta zare hannunta, ta zagaya ɗaya ƙofar, ta ɗaga kansa ta shiga ta ɗora shi a cinyarta. Rabon da kan nan ya hau cinyarta tun ranar da aka shafa mata maɗaci a nono.

Suka fita daga Daura rana na tsakiya. Gonaki fayau, ba ko ɗanyen ganye, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu. Tana yi masa fifita da gefen mayafi, tana jiƙa yatsa a ruwa tana shafa masa a leɓe. Da farko yana buɗe ido ya dube ta, ta dube shi, ba mai kawar da kai. Daga baya ya daina buɗewa, sai numfashi mai nauyi.

Ita kuwa tun fitarsu daga Daura sunan take juyawa a baki, ba sauti. Ta gwada shi a zuci, ta ji yadda zai fito. Sai ta dubi ƙeyar direba, ta dubi ƙeyar ƙanin mijinta, ta ce bari a wuce garin nan. Aka wuce. Ta ce bari a wuce masu tallan can. Kai, kunya! Ɗanka na kan cinyarka yana fama da ransa, kana lissafin ƙeyar mutane. Na faɗa da zafi don abin na ci min rai, amma ba na zagin Yelwa. Abin da aka shekara talatin da wani abu ana yabon ta a kai, ba a hanyar Katsina za ta yar da shi cikin sauƙi ba.

Sai da suka wuce Mashi. Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa nasa.

"Abdulbaƙi."

Ya fito a karye, kamar ba sunan da ta sani ba. Ta sake, da ƙarfi.

"Abdulbaƙi. Ni ce. Innarka ce."

Bai motsa ba. Ta kira na uku, har direba ya dubi madubi. Adawiyya ta sauke idonta daga ledar ruwa ta dubi fuskar mijinta, ta dubi ƙirjinsa, sai ledar ta suɓuce daga hannunta. Ta fara salati. Direba ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ƙanin uban ya fito ya buɗe ƙofar baya, ya taɓa wuyansa, ya daɗe, sannan ya shafa masa ido. Daga nan suka juya.

A Zango aka yi jana'iza, a nan aka yi zaman makoki. Yelwa ta zauna a kusurwar ɗaki da carbi, ba kuka, ba magana, hawayen ya ƙafe tun a hanya. Mata masu zuwa gaisuwa, waɗanda ba su je asibiti ba, suka yi ta nuna ta da baki.

"Kun ga mace mai kawaici. Ɗanta na fari, amma kamar baƙuwa ta zo ta'aziyya."

"Irinsu sun ƙare. Matan yanzu ai da sun cika gari da ihu."

Tana jin su. Kowace kalma kamar ana ɗora mata dutse. Laraba, wadda bakinta bai taɓa mutuwa ba, ta tashi ta fita bayan gida ta yi kukanta.

Yelwa ba ta sake jiƙa aya ba. Kular na nan a zaure, Murjanatu ta kife ta. Masu saye sun gaji da sallama sun koma wani gida. Ba wanda ya zarge ta a fuska, kowa cewa yake kwana ne ya ƙare, ita ma ta san haka ne, ba ta jayayya da hukuncin Allah. Abu ɗaya ne ya hana ta sakat.

Da aka watse, gidan Zango ya yi shiru, ta shiga ɗakin da Adawiyya ke takaba. Rahama na barci a gefe. Yelwa ta zauna a ƙasa, kusa da surukarta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Adawiyya, ke kina wajen. Lokacin da na kira shi a mota, ya ji?"

"Ya ji, Inna," in ji Adawiyya da sauri. "Wallahi ina ganin ya ji."

"Ba ganinki nake tambaya ba. Da sauran numfashinsa a kira na farko? Kin ga ƙirjinsa na motsi?"

"Inna..."

"Ki rantse min kin gani."

Adawiyya ta buɗe baki, ta rufe. Ledar ruwa take kallo a lokacin, su duka biyun sun sani. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta, ba ta rantse ba.

Yelwa ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta gyaɗa kai, ta dafa bango ta miƙe, ta gyara wa Rahama zanen da ya zame mata. A bakin ƙofa ta tsaya ta juyo.

"Da mun wuce masu tallan nan na so in kira," ta ce. "Lokacin idonsa a buɗe yake."